Rumbu Daban, Masussuka Daban

Ranar 28 ga watan jiya wata bukata ta kai ni wani banki da ke kusa da ofishinmu, domin in karɓi takardar bayanin asusuna ta shekara guda. Na shiga da hantsi, ina tsammani kafin a kira azahar na koma bakin aiki. Ashe ba haka Allah ya nufa ba. Na tarar layi ya miƙe har bakin ƙofa, ma'aikata kuwa kowa yana zaune gaban na'urarsa ya zuba mata ido kamar mai jiran tukunya ta tafasa. A gabana akwai wani dattijo da ya zo bin sawun kuɗin fanshonsa, yana dogare da sanda. Da tsayuwa ta ishe shi sai ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ku da kuka yi boko, me ke hana abin nan aiki? Ga wuta, ga na'ura a kunne, ga yarinya tana ta danne-danne, amma shiru." Na ce, "Wallahi Baba, nauyi ta yi." Ya ce, "Nauyin me? Me aka ɗora mata?" Nan na yi tsit, domin ba ni da amsa, na kuwa ji kunya ƙwarai.

Da daddare na kai wannan tambaya wurin wani tsohon abokina da muka yi sakandare tare, shi ya bi hanyar kwamfuta ni na bi ta jarida. Yau aikinsa shi ne kula da rumbun bayanai na wata babbar ma'aikata, watau wurin da a ke tara sunayen ma'aikata da albashinsu da duk lissafin kuɗi a cikin na'ura. Ya yi dariya ya ce, "Malam ɗan jarida, ai tsohon nan ya fi ka iya tambaya." Ya ce abubuwan da ke sa na'ura nauyi suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da ya fi sa masu irin aikinsa kwana a zaune in wata ya zo ƙarshe, kuma shi ne wanda shugabannin ma'aikatu ba su cika sanin da zamansa ba. Shi na ke so mu tattauna a wannan mako.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rumbu daban, masussuka daban. Rumbu wurin ajiya ne, a kan gina shi da kyau, a liƙe shi, a tsare shi daga gara da ɓera. Masussuka kuwa fili ne kawai da a ke sharewa a baje dammuna, a sussuka, a sheƙe, a kwashe tsaba, gobe wani ya zo ya baje nasa. Ba wanda ke ajiya a masussuka, amma in ta yi kaɗan, ko ta yi nisa da gida, ko mutum goma suka taru a kanta lokaci guda, to, tuwon dare zai makara ko da rumbu cike ya ke. Rumbun bayanai ma haka ya ke. Akwai fayilolin dindindin inda asusunka da nawa su ke kwance, akwai kuma fayilolin wucin gadi inda na'ura ke baje kaya in an ba ta aikin da ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta.

Wane irin aiki ne wannan? Mafi yawa jerawa ne da haɗawa. In aka ce wa na'ura ta fito da sunayen ma'aikata bisa jerin haruffa, ko ta tara kuɗin da kowane reshe ya karɓa a wata, ko ta haɗa jadawalin ma'aikata da na alawus, ko ta gina fihirisa sabuwa, dole ta ɗebo bayanan ta ajiye su wani wuri tana juya su kafin ta ba da amsa. Ka ɗauka wani akawu ne aka jibge masa takardu dubu aka ce ya jera su bisa kwanan wata. In teburinsa yana da faɗi, sai ya baje su duka a kai ya gama nan take. In teburin ƙarami ne, sai ya ɗebi ɗari ya jera, ya sauke su kan tabarma, ya ɗebi wata ɗarin, har ya sami tsibi goma a ƙasa, sa'an nan ya ɗauko na saman kowane tsibi yana gwadawa yana zaɓen wanda ya fi daɗewa, har su haɗu su zama jeri ɗaya. In kuwa teburin ya ƙanƙance har ba zai ɗauki kan tsibi goma a lokaci guda ba, sai ya haɗa uku uku, ya sake saukewa, ya sake ɗaukowa, takarda ɗaya ta sha hawa da sauka sau da yawa. Teburin nan shi ne ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura, tabarmar kuwa ita ce fayilolin wucin gadi da ke kan faifan ajiya. Manhajar Oracle ma kashi uku ɗin nan ta ke raba kowane aiki in tana ba da rahoto: wanda aka gama a ƙwaƙwalwa, da wanda ya sauka faifai sau ɗaya, da wanda ya yi ta kai da kawowa. Na ukun shi ne abin tsoro.

Wannan dabara ta tsibi-tsibi ba ta yau ba ce. Masanin lissafi John von Neumann ne ya tsara ta domin na'ura a 1945, kuma shekaru da yawa a kan zaren maganaɗisu a ke yin ta, na'ura tana rubuta tsibi a wannan zare tana karantawa daga wancan. A 1956 kamfanin IBM ya fito da faifan ajiya na farko da aka sayar, faya-fayai hamsin a jere, kowanne faɗinsa inci 24, duka-duka suna ɗaukar haruffa miliyan biyar. Yau wayar da ke aljihun ɗan makaranta ta ninka wannan sau dubbai, amma matsalar akawun nan ba ta gushe ba, domin kullum takardu suna ƙaruwa fiye da yadda tebur ke faɗi.

Mai karatu zai ce, to, mene ne abin damuwa in takarda ta sauka tabarma? Abin damuwar tazara ce. Faifai mai juyawa irin wanda ke zagaye 7,200 a minti yana zagaye 120 ne a daƙiƙa, sai allurarsa ta matsa ta kai inda a ke nema, sa'an nan ta jira wurin ya zagayo. In ana aika ta nan da can barkatai, kimanin aike ɗari kawai ta ke iya yi a daƙiƙa. Ƙwaƙwalwar aiki kuwa ta fi ta sauri da wajen sau dubu ɗari. In mun mai da shi lissafin ɗan Adam, abin da za ka miƙa hannu ka ɗauka a kan tebur cikin daƙiƙa ɗaya, in yana kan irin wannan faifai sai ka yi jiran yini da kwana har da ɗoriya. Faifan zamani marar juyi, wanda a ke kira SSD, ya rage tazarar ƙwarai, amma ko shi a wannan ma'auni jiran wajen rubu'in sa'a ne. Gaskiya ne na'ura ba ta sauke takarda ɗai-ɗai, dami-dami ta ke saukewa, wannan yana rage asarar. Amma in mutum hamsin suna baje kaya lokaci guda, kowa yana jan allura wajen nasa, sai ribar damin ta zube. Abin da ke faruwa ke nan a ƙarshen wata: ana lissafin albashi, ana haɗa rahoton rassa, masu binciken kuɗi suna neman nasu, ga kuma jama'a a layi.

Kowace manhaja da sunan da ta ba masussukarta. A SQL Server na kamfanin Microsoft sunanta tempdb, kuma ita kaɗai ce ga dukan rumbunan da ke ƙarƙashin manhajar, duk lokacin da aka tashe ta kuma sai a share ta a gina sabuwa. A Oracle wani yanki ne na musamman mai fayilolinsa na kansa tun fitowar 8i a 1999, fayilolin da ba a sa su cikin kwafin ajiya, tun da ba abin da ke cikinsu da za a yi kuka in ya ɓata. PostgreSQL ita kuwa ƙananan fayiloli ta ke buɗewa ta goge su da zarar aiki ya ƙare. Suna ya bambanta, aiki ɗaya ne.

To, ga inda na ke da magana da shugabanninmu na ma'aikatu. Al'adarmu ita ce da zarar na'ura ta yi nauyi sai a rubuta takarda a nemi kuɗin sabuwa. Sayen sabuwa yana da farin jini, akwai kwangila a ciki, akwai bikin buɗewa, akwai hoto a jarida, mu ma 'yan jarida ba mu wanke hannunmu daga wannan ba. Amma zaunar da ma'aikaci mako guda ya bi diddigin abin da ke cika masussuka ba ya da hoto. Ga abin da na fahimta kuwa, gyaran wannan wuri yana da jeri, kuma sayen kaya a ƙarshen jerin ya ke. Wanda ya fara da saye ya kan sami sauƙi na wata biyu ko uku, sa'an nan ciwon ya dawo, domin bai taɓa tushensa ba.

Farkon abu awo ne. Manhajojin nan duka suna riƙe da lissafin kansu, sai dai a ƙi dubawa. Oracle tana nuna wace tambaya ce ke riƙe da yanki nawa na filin wucin gadi a wannan lokaci, da tsawon lokacin da aka ɓata ana jiran rubutu da karatu a wurin, har ma tana da jadawalin shawara mai nuna yadda saukar za ta ragu in an ƙara ƙwaƙwalwa kaza. A PostgreSQL akwai wani saiti mai suna log_temp_files, wanda in an kunna shi duk fayil ɗin wucin gadi da ya wuce girman da aka ƙayyade sai a rubuta girmansa da tambayar da ta haife shi. Abokina ya ce kusan duk lokacin da ya yi wannan awo, ba tambayoyi ɗari ya ke tararwa suna ɓarna ba, 'yan kaɗan ne, wani lokaci ma guda ɗaya.

Daga awo sai gyaran tambayar kanta, nan kuwa ya kamata mu ɗan daɗe, domin nan riba ta fi yawa kuma kuɗi ba su shiga ba. A ce akwai jadawali mai sunayen ma'aikata 10,000, da wani mai layukan alawus 10,000. In mai rubuta tambaya ya ce a haɗa su amma ya manta bai faɗi sharaɗin haɗin ba, watau lambar ma'aikaci ta nan ta dace da ta can, na'ura ba za ta yi masa gardama ba. Za ta aurar da kowane suna da kowane layi, ta fito da layi miliyan ɗari, sa'an nan ta shiga jera su. Babu masussukar da za ta ɗauki wannan cikin daɗin rai. Abokina ya ce irin wannan ta taɓa faruwa a wurin aikinsa: wani sabon ma'aikaci ya yi wa rahoton wata ɗan gyara, layi ɗaya ya faɗi, rahoton da a da a ke gamawa kafin a sha shayi ya koma cin dare, sauran ayyuka duk suka tsaya a bayansa. Kafin a gano, har an rubuta takardar neman sabuwar na'ura tana jiran sa hannu. Da aka mai da layin nan wurinsa, takardar aljihun tebur ta koma.

Ba kullum ɓarnar ke fitowa fili haka ba. Wani ya kan ce a ɗebo masa dukan bayanan kowane mutum, har da adireshi da bayanin magada, alhali suna da lamba kawai ya ke bukata, sai kowace takarda ta yi kauri, tebur ya cika da wuri. Wani ya kan ce a cire maimaici daga jerin da babu maimaici a cikinsa, don dai ya kwantar da hankalinsa, na'ura kuwa ba ta da hanyar tabbatarwa sai ta jera ko ta tankaɗe duka. Wani kuma kullum bisa kwanan wata ya ke neman abu, amma ba a gina fihirisa a kan kwanan wata ba, wadda da tana nan da an karanto bayanan a jere tun daga tushe. Akwai kuma wata mai wuyar gani. Kafin manhaja ta fara aiki ta kan yi kirdadon yawan layukan da za ta samu, bisa ƙididdigar da ta tara a baya, sai ta zaɓi hanya ta ware wuri daidai da kirdadon. In ƙididdigar ta tsufa, ta shirya wa baƙi ɗari sai dubu ɗari su zo, dole a baje su a waje. Sabunta ƙididdiga ba ya cin ko kwabo, sai dai a tuna da shi.

Bayan an gyara tambayoyi sai a dubi faɗin tebur. Nan ma akwai rami. PostgreSQL tana zuwa da megabayit 4 kacal a matsayin rabon kowane aikin jerawa, wanda lalle ya yi kaɗan ga manyan rahotanni. Sai mai gaggawa ya ɗaga shi zuwa megabayit 256 ga kowa da kowa, ya manta cewa rabon nan na kowane aikin jerawa ne a cikin kowace tambaya, ba na na'urar gaba ɗaya ba. In mutum 200 suna aiki, tambayar kowa tana da jerawa uku, lissafi zai iya kaiwa gigabayit 150. In na'urar ba ta da wannan, maimakon nauyi sai ta faɗi warwas, garin neman gira a rasa ido. Abin da masu hankali ke yi shi ne su bar rabon jama'a daidai wa daida, su ɗaga shi ga mai haɗa babban rahoto kaɗai, na lokacin aikinsa. Oracle ta sauƙaƙa wannan tun fitowar 9i a 2001, inda a ke faɗa mata jimillar ƙwaƙwalwar da aka ware wa irin waɗannan ayyuka, ita ta riƙa rabawa bisa ga yawan masu nema. Duk da haka ba burin kowa ba ne a ce komai a tebur za a gama. Babban rahoto ya sauka faifai sau ɗaya ba laifi ba ne. Kai da kawowar nan ita a ke yaƙa.

Sai yanzu muka iso ga fayilolin kansu, da inda ya kamata a ajiye su. Ka'ida ta fari ita ce kada a haɗa masussuka da ƙofar rumbu. In fayilolin wucin gadi suna kan faifai ɗaya da na dindindin, ko da littafin da manhaja ke rubuta kowace hada-hada a ciki kafin ta tabbatar da ita, to, mai haɗa rahoto zai tare hanyar mai biyan fansho. Ta biyu ita ce a san irin haɗin faya-fayan. A 1988 waɗansu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka bayyana hanyoyin haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki kamar guda, abin da a ke kira RAID. Hanya ta biyar a cikinsu tana da farin jini domin tana tsimin wuri, amma ƙaramin rubutu ɗaya a kanta aiki huɗu ne: a karanto tsohon bayani, a karanto lissafin kariyarsa, a rubuta sabo, a rubuta sabon lissafin kariya. Wurin da rabin aikinsa rubutu ne bai dace da wannan ba. Haɗin tagwaye, inda a ke rubuta abu ɗaya a faifai biyu, rubutu biyu kawai ya ke ci.

Wani zai ce, tun da abin da ke ciki ba shi da daraja, me zai sa a yi masa tagwaye? A sa shi a faifai ɗaya mai sauri mana. Amsa ita ce kayan ba su da daraja, amma filin yana da ita. In faifan da tempdb ke kai ya mutu, SQL Server ba za ta ci gaba da aiki ba har sai an nuna mata wani wuri, ko da kuwa ba a yi asarar kwabo ɗaya na kowa ba. Game da faifai marar juyi kuwa, in kuɗin ma'aikata bai kai a sauya duka ba, wannan wuri yana cikin waɗanda suka fi cancanta a fara da su. Sai dai a sani kowane irin wannan faifai yana da iyakar rubutun da zai ɗauka a rayuwarsa, masussuka kuwa ba ta hutawa, saboda haka a sayi wanda aka ƙera domin yawan rubutu, ba na kwamfutar gida ba.

Batun yawan fayiloli kuma wuri ne da a ke yawan kwafar shawara ba tare da an san dalilinta ba. A SQL Server kowane fayil yana da waɗansu shafuka da ke riƙe da lissafin inda ke da sarari, duk mai neman wuri sai ya bi ta kansu, kamar kasuwa mai ƙofa ɗaya. Saboda haka Microsoft ta ba da shawara a raba tempdb fayil-fayil daidai da yawan kawunan lissafi na na'urar har zuwa takwas, in cunkoso bai ragu ba a riƙa ƙara huɗu huɗu. Kuma dole girmansu ya zama ɗaya, domin manhajar ta fi tura aiki wurin wanda ya fi sarari, in ɗaya ya fi sauran girma sai jama'a su sake taruwa a ƙofa guda. Tun fitowar 2016 manhajar da kanta ta ke shirya wannan lokacin da a ke girka ta. A Oracle dalilin ƙara fayil daban ne. Fayil na al'ada mai shafukan kilobayit 8 ba ya wuce wajen gigabayit 32, in bukata ta wuce haka sai a ƙara wani. Wanda ya ɗauki ƙa'idar takwas ya kai ta can ba tare da awo ba, maganin ciwon wani ya sha.

Saura girma da iyaka. Kowace manhaja tana iya faɗaɗa fayil da kanta in ya cika, amma faɗaɗawa a tsakiyar aiki jira ne ga kowa. Gara a yanka masa girman da awo ya nuna tun farko, a bar faɗaɗawar ta zama ta ranar tsautsayi. Wannan ya fi shafar ƙananan ofisoshinmu inda ɗauke wuta ke kashe na'ura a kai a kai, domin tempdb tana komawa girman da aka rubuta mata tun asali duk lokacin da aka tashi, in an bar ta a megabayit 8 da ta zo da shi, kowace ɗaukewar wuta sai ta sake rarrafe daga farko. Iyaka kuwa wajibi ce. A MySQL ta 5.7 akwai fayil mai suna ibtmp1 da ke farawa da megabayit 12, yana ta kumbura in ba a sa masa iyaka ba, ba ya kuwa sacewa sai an kashe manhajar an tashe ta, mutane da yawa sun wayi gari ya cinye musu faifai. An rage wannan matsala a jerin 8.0 a 2018, inda kowane mai aiki ya sami nasa fili da a ke karɓewa in ya tashi. PostgreSQL ta sami irin wannan linzami a 2012, wanda ke soke aikin duk wanda ya wuce gona da iri. Gara tambaya ɗaya ta mutu mai ita ya zo yana faɗa, da a ce faifai ya cika kowa ya tsaya.

Akwai tarko biyu na Oracle da abokina ya ce in faɗa wa matasa masu shiga wannan aiki. Na farko, a kan waɗansu na'urori, in ka ce a yi maka fayil ɗin wucin gadi na gigabayit 30, nan take za a ce an yi, amma alkawari ne kawai, ba a killace wurin ba sai ranar da aka zo amfani da shi. In kafin ranar wani ya cika faifan da nasa kaya, sai aiki ya karye a tsakiyar dare alhali a takarda akwai wuri. Na biyu kishiyar wannan ne. Sabon hannu zai duba ya ga filin ya cika maƙil, ya firgita ya yi ta ƙara fayiloli, bai sani ba manhajar ba ta mai da wurin da ta riga ta share, riƙe shi ta ke yi domin mai zuwa, yawancinsa kuma fanko ne. Cikar gaskiya tana da alamarta, saƙon kuskure mai lamba ORA-01652, kuma ko shi in ya fito, tambaya ta fari ita ce wa ya cika wurin, ba nawa za a ƙara ba. In wani aiki na sau ɗaya ya kumbura filin, tun fitowar 11g a 2007 ana iya tsuke shi ba tare da an rushe ba.

Abu na ƙarshe ba na injiniya ba ne, na shugaba ne, watau rabon lokaci. Ba dole ba ne rahoton da za a karanta ranar Litinin a haɗa shi ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar ranar biyan albashi. Ana iya tura shi dare, ko a ba masu rahoto filinsu daban a kan faifai daban, abin da Oracle da PostgreSQL duka suka yarda a yi, ko a yi musu kwafin rumbun su yi ta juyawa can. Abokina ya ce wannan ya fi duk sauran wuya, domin saiti ba ya gardama, amma ka je ka ce wa babban darakta rahotonsa ya jira dare saboda masu layi, sai ka shirya jin magana. Shi dai abin da ya ke yi yanzu, ranar 25 ga kowane wata ya kan fitar da jerin tambayoyi goma da suka fi cin filin wucin gadi a watan da ya wuce, da sunan sashen da ya aiko kowace, ya kai teburin shugabansa kafin kowa ya rubuta takardar neman kuɗi.

Ni kuwa ranar nan ban sami takardata ba, sai washegari na koma da ƙarfe takwas na safe, aka buga mini ita cikin 'yan mintoci, a jere bisa kwanan wata tun daga Janairu. Na duba layi ko zan ga dattijon nan in ba shi amsar tambayarsa, ban gan shi ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu dubi kwafin ajiya, da dalilin da ya sa a ke so a riƙa gwada maido da shi tun kafin ranar bukata.